Daga Bakin Nilu: Buhun gawayi da dajin da muke zuwa shan iska

Niyyata wannan watan in ci gaba da maganar faɗuwar kuɗin Sudan da muka faro, sai wani buhun gawayi ya karkatar da ni. Ku yi mini haƙuri, maganar kuɗi ba ta guduwa.

Wata Alhamis uwargida ta ce gawayi ya ƙare, tukunyar gas kuma kun san halin da ake ciki. Na biya kasuwar Sabirin a hanyata ta komawa gida. Mai gawayin ya kwance bakin buhu, ya ɗauko guda biyu ya ƙwanƙwasa su, suka yi ƙara kamar ƙarfe. Ya ce, "Ya Hajj, wannan sunut ne zalla. Ka dafa wake, ka gasa nama, ka ɗora shayi, bai mutu ba." Na ce daga ina aka kawo shi? Ya yi murmushi, ya nuna kudu da haɓarsa. To, kudu faɗi gare ta, kuma itacen sunut ya bi bakin kogi har Sinnar. Amma tun daga kasuwa har ƙofar gidana a Alsawra, wuri ɗaya zuciyata ta tafi: Dajin Sunut na Hartum, inda na fara koyon rufe shago saboda iyali.

Ga waɗanda ba su zauna Sudan ba, sunut ba wani baƙon itace ba ne, bagaruwarmu ce. 'Ya'yanta da majema ke jeme fata da su a Kano, su ne garad a nan, kuma babu tsohuwar da ba ta ajiye su don tari da ciwon maƙogwaro. Haka ma sauran itatuwan: hijlij aduwa ce, dom goruba, tabaldi kuka, aradeb tsamiya, haraz gawo. Bahaushe in ya shiga dajin Sudan, sunaye ne kawai suka canza masa.

Dajin yana gabar gabas ta Farin Nilu, dab da Mugran inda koguna biyu suke haɗuwa, a tsakiyar babban birni. Tun shekarun 1930, zamanin Turawan Ingila, aka keɓe shi, aka hana sara da farauta a cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar Fitihab daga Omdurman ya gan shi shimfiɗe a ƙasa, kore shar, ga dogayen benaye a bayansa.

Ni kuwa na fi shekara goma ina ganinsa ta tagar hafila ban taɓa sa ƙafa ba. Kun san halinmu. Juma'a in an sauko daga masallaci, lokacin bin bashi ne, da lissafin mako, da zaman majalisa a ji farashin kaya a Kano da Jidda. Abin da maƙwabtanmu ke kira rihila, wato a kwashi iyali da tukwane a tafi bakin ruwa a wuni, mu yawon banza muke ce masa. Falke ai tafiyar da babu riba a cikinta ba tafiya ba ce. Kakanninmu sun ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, wasu shekara da shekaru suna hanyar Makka, sun ga dajin da ya ishe su har jikokinsu. Ina jin shi ya sa muka taso muna ganin daji wuri ne da ake wucewa, ba wurin da ake zuwa a zauna ba.

Uwargida ce ta karya ni. Wata Juma'a maƙwabcinmu ya cika bayan motarsa da tabarmi da yara, namu suna tsaye a ƙofa suna kallo har ƙura ta lafa. Da dare ta ce, "Alhaji, yaran nan fa daga bangon gida sai bangon makaranta. Kogi yana nan kusa da mu, babbansu bai taɓa sa ƙafa a ciki ba." Na ce kasuwa fa? Ta ce, "Ranar da ka kwanta zazzaɓi kwana huɗu, kasuwar ta tashi?" Ban sami amsa ba. Juma'ar da ta biyo muka ɗauki hayar amjad.

Da yake ɗan kasuwa ba ya rabuwa da lissafi, na ƙirga abin da ya fita a ranar: kuɗin mota, kilo biyu na nama, burodi, ƙanƙara, gawayi. Bai kai abin da nake kashewa a shayin baƙi a shago cikin mako guda ba. Abin da ya dame ni shi ne rabin wunin da aka rufe shago, kuma shi ma washegari masu saye suka dawo, har ɗaya yana mini tsiya wai Alhaji ya zama ɗan gayu.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda wurin yake, don waɗanda ba su riske shi ba. Kana sauka daga kwalta sai iska ta canza. Zafin Hartum da ke dukan ƙeya ya ragu, ƙarar motoci ta koma can nesa. Ƙasa baƙa ce, duk ta tsattsage saboda ruwan da ya kwanta a kanta ya janye. Ko'ina ka duba ƙungiya ce a gindin itace: ɗaliban jami'a da gangarsu, ma'aikatan wani ofis suna ƙwallo da rigunan aiki, iyali sun kafa murhu, masu shayi sun jera kujerunsu na roba, ƙamshin jabana da citta yana tashi. Mu kuma muka yi abin da muka fi kowa iyawa. Agashe ai namu ne, duk Sudan ta san daga hannun Hausawa ya fito. Ƙanin uwargida ya barbaɗe nama da ƙuli da yaji ya jera a kan wuta, kafin a jima mutanen tabarmar kusa sun aiko yaro da faranti wai a ɗanɗana musu. Mu ma aka aiko mana da salatar dakwa.

Yara kuwa ba abinci ne ya dame su ba. Tsuntsaye ne. Balbela, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya, shirwa tana shawagi tana jiran a yi sakaci da nama. Da sanyi akwai baƙin tsuntsaye da ke tasowa daga Turai da Asiya, su bi kwarin Nilu, su yada zango a nan kamar yadda ayari ke sauka a zango. Babbar 'yata ta tambaye ni sunan wani farin tsuntsu mai jakar fata a ƙarƙashin baki. Na ce kwasakwasa. Ta yi ta dariya, ta ce ba ta taɓa jin kalmar ba. A nan na gane yarana sun san Hausar ciniki da ta girki da ta faɗa, amma Hausar daji da ruwa ba wanda ya taɓa ba su, don ba mu taɓa tsayawa tare a gaban abin da za a ambata ba. Shamuwa ma, wadda mutanen nan ke kira simbiriyya kuma suke mata kallon mai busharar damina kamar yadda ake yi a Katsina, da sunanta na Larabci kaɗai suka san ta.

Akwai dalilin da ya sa dajin ya zauna a wurin da kowane mai kuɗi ke kwaɗayin fili. Da damina Shuɗin Nilu yakan sauko daga duwatsun Habasha da ƙarfi, ɗauke da laka, har ya tokare Farin Nilu a Mugran. Farin sai ya ja baya ya kumbura kamar tafki, ya malale gabarsa. Watanni dajin yana cikin ruwa, kawunan itatuwa kawai ake gani. Yawancin itatuwa ba sa jure haka, bagaruwa kuwa tana so. Ruwan da zai matsa wa unguwanni yana samun wurin kwanciya, kifi ya hayayyafa a cikin saiwoyi, in ruwa ya janye ya bar danshi da ciyawa. Waɗanda suka ga ambaliyar 1988 da ta 2020 sun san abin da kogin nan ke yi in ya rasa wurin zuwa.

Daga wannan Juma'ar ƙafarmu ta buɗe. Mugran muka fi zuwa don kusa ne, yara su hau lilo, mu kuma mu tsaya mu kalli ruwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraye. Tsibirin Tuti ma haka, gonakin lemun tsami da ganye a tsakiyar birni, da yashin bakin ruwa. Gidan namun daji na da ban riske shi ba sai a bakin dattawa. An tashe shi a shekarun 1990, a filinsa aka gina dogon otal ɗin nan mai siffar ƙwai da kuɗin Libiya. Wasunku kuma za su tuna hotunan zakunan lambun Ƙurashi da suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, waɗanda suka zagaya duniya a Janairun 2020. Tun kafin yaƙi ke nan ba a riƙe amanar irin waɗannan wurare yadda ya kamata ba.

Jabal Auliya tafiyar kifi ce. Kimanin kilomita 45 ne kudu da Hartum, inda aka gama madatsar ruwa a kan Farin Nilu a 1937 don amfanin Masar, kafin a miƙa ta ga Sudan a 1977. Ka sayi bulti ko giwan ruwa a hannun masunta, mata su soya maka nan take, ka ci a inuwa kana kallon ruwa har iyakar ganinka. Cikin masuntan ba ka rasa wanda za ka yi wa sallama da Hausa ya amsa.

Amma in ana maganar kallo, Sabaloka ce. Tana arewa da mu, kimanin kilomita 80, kuma mu mutanen Alsawra muna da sauƙi don muna bakin hanya. Ita ce gangara ta shida a jerin wuraren da duwatsu suka tare Nilu in aka faro ƙirga daga Aswan. Kogin da ka saba gani shimfiɗe a Omdurman, a can duwatsu baƙaƙe da jajaye sun matse shi ya zama siriri, yana gudu yana juyi tsakanin ƙananan tsibirai. Mutanen ƙauyukan wurin sun kakkafa rumfuna a bakin ruwa, ka kama ɗaya da gadajen igiya na angareb, ka wuni. Masu jiragen ruwa suna zagayawa da mutane. In ka daure ka hau dutse da la'asar, za ka ga abin da ba ya mantuwa: kore siriri a gefen ruwa, bayansa kuma hamada fetal ta ko'ina. A nan mutum ke gane cewa duk ƙasar nan a igiya ɗaya take rataye.

Sabaloka kuma ta ci mutane, musamman matasa 'yan rihila, kuma mu ma saura ƙiris. Ƙanin uwargida, mai agashen nan, ya ga ruwa ya kwanta lumui a gefen wani tsibiri, ya naɗe wando ya shiga wai zai wanke ƙafa. Taku uku ruwa na gwiwa, na huɗu babu ƙasa. Allah ya sa wani mai jirgi yana kusa, ya miƙa masa sanda. Da ya fito ya zauna yana kakkarwa, mai jirgin, dattijo ne, ya ce masa, "Ɗana, mu da aka haifa a nan ba ma shiga ta wurin." Tun ranar dokata ɗaya ce a bakin kowane ruwa: kafin a sauke kaya, a nemi ɗan gari a tambaye shi ina ake shiga, ina ba a shiga. Jirgi kuma in na ga an cika shi fiye da kima, gara in biya sahu biyu. An sha yi mini kallon matsoraci, ban damu ba.

Dindir sau ɗaya na je, mu shida, maza zalla, muka haɗa kuɗin mota mai ƙarfi. Shi ne babban gandun namun dajin ƙasar nan, an kafa shi a 1935, yana kan iyakar Habasha, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 10,000. Wanda ya san Yankari ta Bauchi, to ya ninka ta fiye da sau huɗu. Tafiyar ta haura kilomita 500 daga Hartum: Wad Madani, Sinnar, sannan garin Dindir, daga nan kuma kwalta ta ƙare sai baƙar ƙasa har sansanin Galagu. Da rani kaɗai ake shiga, don da damina laka ba ta barin ko tarakta ta wuce. Sai da izinin 'yan sandan kare namun daji, kuma ba ka yawo sai da ɗayansu a mota.

A hanya mun yada zango a Mai Wurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda zai je Dindir daga cikinmu ya wuce garin nan bai tsaya ba, ya yi asarar rabin tafiya.

Sirrin Dindir shi ne abin da suke kira maya, wato fadamun da kogi ke bari in ya janye. Rani na tsananta, ruwa na ƙafewa a ko'ina sai a cikinsu, dole kowace dabba ta zo. Da asuba muka tsaya a bakin wata, muka kashe mota. Garken ɓauna ya fito daga ciyawa, ga gwambaza da kwanta-rafi, ga mugun dawa yana gudu wutsiya a sama, ga birai sun cika hanya ba su da niyyar matsawa, zabin daji kuwa kamar an zubar da buhu. Zaki ba mu gan shi ba, da dare dai mun ji shi, kuma abokin tafiyarmu da ya fi kowa cika baki shi ya fara komawa cikin mota ya kwana. Jami'in da ke tare da mu ya ce raƙumin dawa ya ƙare a gandun tun shekarun 1980. Manyan gonakin inji sun cinye makiyaya a kewaye, makiyaya suka rasa inda za su, suka riƙa kutsawa da shanu cikin gandun, a kama, a ci tara, su sake dawowa. Na saurare shi, na kuma tuna Fulanin da muka wuce a hanya da shanunsu a rame. Ban iya ɗora wa kowa laifi shi kaɗai ba.

Sai ranar 15 ga Afrilun 2023 ta zo. Ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kuna karanta wannan ne daga Fotsudan, ko Alƙahira, ko Kano, saboda ita. Mu da muka zauna a Alsawra mun karɓi 'yan'uwa daga unguwannin da aka tashe su, ɗaki ɗaya mutum goma. Harsasan manyan bindigogi suna faɗowa ba sallama. Kasuwar Sabirin ɗin nan da na sayi gawayi, a farkon Fabrairun 2025 an kashe fiye da mutum 50 a cikinta rana ɗaya. Gadar Shambat ta karye, mutanen Tuti suka sha ƙawanya har suka bar tsibirinsu, yaƙi ya bi ta Jabal Auliya, ya kai har garin Dindir. Kusan shekara biyu autana bai wuce ƙarshen layinmu ba. Yaron da aka yaye shi da ƙarar bindiga, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin gado.

Bayan sojoji sun karɓe tsakiyar Hartum a Maris na 2025, na tsallaka gada karon farko don duba wani shagon abokin ciniki. Na leƙa ta taga inda na saba leƙawa. Kututture ne, jere-jere, har bakin ruwa, sai 'yan itatuwa tsilla-tsilla kamar haƙoran tsoho. Wani dattijo da ke kusa da ni a mota ya yi salati, ya juyar da kai. Ba wanda ya ƙara magana har muka sauka.

Matar da ta sari reshe ta dafa wa 'ya'yanta abinci lokacin da babu gas babu lantarki, ba ni da bakin zarginta, mu ma mun ƙona ƙyauren tsohon kabad a gidana. Amma reshe daban, zarton inji da babbar mota daban. Daji irin wannan ba ya ƙarewa da hannun mata masu girki. Ciniki ne ya cinye shi, kuma ciniki sana'armu ce. A cikinmu akwai masu sarin gawayi buhu ɗari-ɗari, akwai masu motocin da ke ɗauko shi, akwai masu gidan burodi da ke sayen itace a lori. Na san amsar da za a ba ni: in ban saya ba wani zai saya. Haka ne. Amma mu ne muke tambayar asalin turare da asalin atamfa kafin mu biya, mu ƙi kayan sata ko da araha don kare sunanmu. Itacen da aka saro daga wurin da doka ta keɓe wa jama'a duka, kayan wa ne? Ni dai na ɗauki buhuna na kai gida, don an riga an ƙona shi kuma yara na jiran abinci, amma na gaya wa mai gawayin gaba in bai faɗi daga inda kayansa suka fito ba, zan nemi wani. Ya yi dariya. Wataƙila ya ga wauta ce.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga masu dawowa, don saƙonni suna zuwa mini ana tambaya ko an fara fita shan iska. Kada kowa ya kai iyalinsa Dajin Sunut ko kewayen Mugran don ya ga wurin ya yi shiru. A 2025 masu aikin cire nakiyoyi sun sanar da gano nakiyoyin da aka binne a yankin, ban da harsasan da ba su fashe ba da ke warwatse a unguwanni da filaye. Damina kuma tana iya kwashe irin waɗannan abubuwa daga inda aka sa su ta kai wani wuri. A jira sai hukuma ta ce an share, kuma ko an ce an share, a bi inda ƙafafu suka riga suka taka. A zaunar da yara a gaya musu dalla-dalla: duk ƙarfen da ba ka san shi ba, ko ya yi kama da gwangwani ko abin wasa, ba a taɓawa, ba a jifansa da dutse, a kira babba. Masu sayen tsofaffin ƙarafa a cikinmu, wannan magana har da ku.

Ruwan sha a ɗauko daga gida, kwalarar da ta yi ɓarna a Hartum da Omdurman a 2025 ba ta yi nisa ba. Kwantaccen ruwa mai ciyawa kuma gidan tsargiya ne, kada a bar yara su yi wanka a ciki. Takardu su kasance a aljihu, na kowa, har na matasan gida. Mun san irin tambayar da ake yi wa mai kamarmu da harshenmu a shingen bincike, ko da kakansa a Omdurman aka haife shi. A fita da wuri, a dawo kafin magariba. Dindir da sauran wurare masu nisa kuwa, sai an tambayi waɗanda suka bi hanyar a makon, ba a watan jiya ba.

Duk da haka ban ce a zauna a gida ba. Yaran da suka yi shekara biyu a ƙarƙashin gado sun fi kowa bukatar su ga sarari. Ku da ke wasu ƙasashe ma ban cire ku ba. Na Jidda da Makka, Ɗa'if na nan kusa da ku da duwatsunta da sanyinta. Na zangon Akara, lambun Aburi bai kai tafiyar rabin wuni ba. Waɗanda suka koma gida Najeriya, in hanya ta yi kyau, ruwan ɗumi na Wikki a Yankari yana nan yadda kuka bar shi, ko yadda kuka ji labarinsa ba ku taɓa zuwa ba.

Juma'ar da ta wuce mun fita, karon farko tun kafin yaƙi. Ba nisa, raksha biyu muka ɗauka zuwa bakin kogi a nan arewacin Omdurman, wurin da manoma ke aiki kullum kuma mutane suka saba zama. Babu agashe, nama ya fi ƙarfinmu, ful ne da ta'amiyya da shayi a fulas. Autana ya riƙe rigata ya ƙi saki kusan awa guda. Can wani jirgin masunta ya wuce, ya sake ni ya bi shi da gudu a gefen ruwa yana ihu, uwarsa na bin sa tana kiran sunansa, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Da za mu taso ya zo da aljihu cike da busassun 'ya'yan bagaruwa da ya tsinta a gindin wata da ta tsira a bakin gona. Ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Na gaya masa sunanta da Hausa da Larabci. Ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai an zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki kafin ta yarda ta tsiro. Mun shuka goma sha ɗaya a gwangwanayen madara a bayan ɗakin girki. Huɗu sun fito, akuyar maƙwabta ta ci ɗaya, sauran ukun an ɗora su a kan katanga.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma maganar kuɗi.